Kamu Ba Bisa Ƙa'ida Ba Da Ƙarar Ƙeta: Wa Ke Biyan Diyya?

A zamanin En'e 'yan doka ma'aikatan Sarki ne. Hakimi yana da nasa a gunduma, in ya ce a kamo wane sai a kamo shi, talaka kuwa ba safai yakan yi tunanin tambayar dalili ba. Wannan zamani ya shuɗe. Daga 1968 aka soma haɗe 'yan dokan En'e da 'yan sandan Nijeriya, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawar da En'e ɗungum.

Amma har yau ƙofar hakimi ba ta rabuwa da masu kuka. Wannan an ci masa iyakar gona, wancan shanu sun yi masa ɓarna, wani kuwa bashi yake bi an hana shi. Sau da yawa abin da mai kuka ke so shi ne hakimi ya sa malaminsa ya rubuta wa baturen 'yan sanda takarda, a je a kamo abokin husumarsa, ya kwana biyu a caji ofis ya ji jiki. Rubuta irin wannan takarda ba wuya. Wuyar tana ranar da za a karanta ta a gaban Babbar Kotu, bayan shekara uku ko biyar, lauya yana tambayar wanda ya sa hannu. Domin haka ya kamata hakimai da malamansu su san inda alhakin ɗan sanda ya tsaya, da inda na wanda ya aike shi ya fara, da kuma yadda manyan kotuna ke duban al'amarin in an ɗaukaka ƙara.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Tushen maganar yana cikin sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999. Sashen ya ce ba a tauye wa mutum 'yancin walwalarsa sai bisa dalilan da doka ta ambata, kuma ta hanyar da doka ta shimfiɗa. Ɗaya daga cikin dalilan nan shi ne in akwai zato mai tushe cewa ya aikata laifi. Wanda aka kama, tilas a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Yana da ikon ya yi shiru har sai ya gana da lauya ko wani wanda ya zaɓa. Tilas kuma a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ta cancanta a tsakanin kilomita 40. In babu, kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace da halin wurin. Wannan ƙayyadewa ba ta shafi wanda ake zato da laifin da hukuncinsa kisa ne ba.

Sa'an nan sashen ya ƙara da magana guda wadda ita ce ta fi taɓa aljihu. Ya ce duk wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba yana da hakkin a biya shi diyya, a kuma ba shi haƙuri a bainar jama'a.

Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015, da irinta da jihohi suka yi wa kansu, kamar Kaduna a 2017 da Kano a 2019, da kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sun zo da ƙarin bayani. Abu biyu a ciki sun shafi aikin gunduma ƙwarai. Na ɗaya, ba a kama wani a maimakon wani, watau ba a tsare uba domin ɗansa ya gudu, ko mata domin ba a sami mijinta ba. Na biyu, Dokar 'Yan Sanda ta hana kama mutum a kan rigimar da ba laifi ba ce, kamar bashi ko saɓa alkawarin ciniki. Wanda ke bin bashi kotu zai nufa, gama caji ofis ba wurin karɓar bashi ba ne.

LAIFI BIYU NE, BA ƊAYA BA

Mutane sukan cakuɗa kamu ba bisa ƙa'ida ba da ƙarar ƙeta, alhali kuwa a shari'a kowanne da hanyarsa.

A ce wani manomi ne aka kama ran Litinin, aka ajiye shi a caji ofis har Jumma'a, ga kotun majistare a cikin garin, ba a kai shi ba. Wannan tsarewa ce ba bisa ƙa'ida ba. Abin da ke kansa ya nuna wa kotu kaɗan ne, watau an kama shi, an tsare shi, ga waɗanda suka yi. Da ya tabbatar da wannan sai nauyi ya koma kan 'yan sanda, su ne za su nuna dalilin da doka ta yarda da shi. Ba sai ya nuna sun yi don mugunta ba. Ko da ɗan sandan ya yi da kyakkyawar niyya, in doka ba ta ba shi iko ba, ya yi laifi. Kotu kuwa tana auna zatonsa bisa ga abin da ya sani a sa'ar da ya yi kamun. Abin da ya bayyana daga baya ba ya wanke shi, haka kuma ba ya ɗaure shi. Saboda haka akan kama mutum bisa ƙa'ida ko da daga baya ya tabbata ba shi da laifi, akan kuma yi kamu daidai sa'an nan a ɓata shi da tsarewar da ta wuce wa'adi.

To, a ce ran Talata aka kai manomin nan gaban majistare, majistare ya ce a ajiye shi a gidan yari. Daga wannan sa'a tsarewar ta zama umurnin alkali, ba ta ɗan sanda ba ce kuma, ba ta mai ƙara ba ce. In manomin yana neman hakkinsa a kan abin da ya same shi daga nan gaba, na kwanan gidan yari da zirga-zirgar kotu da zubewar mutunci da kuɗin lauya, sai ya bi ta hanyar ƙarar ƙeta. Wannan hanya kuwa ta fi waccan tsauri nesa ba kusa ba.

Abubuwa huɗu ne a kansa, in ɗaya ya faɗi duka sun faɗi. Ya nuna wanda yake ƙara shi ne ya tayar da shari'ar. Ya nuna shari'ar ta ƙare da nasararsa, ko an sallame shi, ko an janye ƙarar. Ya nuna tun farko babu wani dalili mai tushe da zai sa mai hankali ya gaskata zargin. Ya kuma nuna an yi ne don ƙeta, watau don wata manufa dabam da neman a hukunta mai laifi, kamar ramuwar gayya, ko neman a tsorata shi ya bar gona, ko a matsa masa ya biya bashi.

A nan ne masu neman diyya da yawa kan faɗi. Mutum yakan zaci tun da kotu ta sallame shi, shi ke nan 'yan sanda sun ci bashinsa. Ba haka ba ne. Kotun laifi takan sallami mutum domin shaida ba ta kai ba, ko shaidu sun ƙi zuwa, wannan kuwa bai nuna an yi masa sharri ba. Da a ce kowane wanda aka sallama sai an biya shi, da ba ɗan sandan da zai yarda ya kai ɓarawo kotu. Amma ɗan sandan da ya shirya shaidar zur, ko ya ɓoye abin da ya sani zai wanke mutum, ko ya rubuta caji alhali bincikensa ya nuna masa ba kome, wannan ba shi da mafaka. Tun cikin ƙa'idodin aikin 'yan sanda na 1968 aka rubuta cewa kowane ɗan sanda shi da kansa zai ɗauki alhakin ikon da ya yi amfani da shi ba daidai ba. A al'ada kuwa mai ƙara yakan haɗa shi da shugabanninsa, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha da Sufeto Janar, wani lokaci har da Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda.

WANDA YA NUNA DA YATSA

Kai rahoton laifi ga 'yan sanda ba laifi ba ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2009, a shari'ar Fajemirokun da wani banki, inda ta ce sanar da 'yan sanda laifi wajibi ne a kan ɗan ƙasa, abin da suka yi bayan nan kuwa alhakinsu ne, sai fa in an nuna mai rahoton ya yi da mugun nufi. Saboda haka hakimin da aka yi sata a ƙasarsa, ya sanar da baturen 'yan sanda abin da ya ji da wanda ake zato, ya bar su su yi bincikensu, ya sauke nauyin da ke kansa, ba abin da zai same shi.

Amma akwai wata shari'a da ta nuna ɗaya gefen, ita ce ta Balogun da Amubikahun, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1989. Mutanen nan biyu suna da rigimar fili a tsakaninsu. Ana nan sai na farkon ya tafi wurin 'yan sanda ya ce abokin rigimarsa ya yi hayar wata mata ta kashe shi, ta kuma sace masa kaya. Aka kama mutumin, aka kai shi gaban majistare tare da matar. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Matar ta bayyana cewa mai ƙarar ne ya kitsa mata abin da za ta faɗa, aka sallami mutumin. Da ya nemi diyya sai Babbar Kotu ta hana shi, bisa hujjar cewa 'yan sanda ne suka kai shi kotu, ba mai rahoton ba. Ya ɗaukaka ƙara, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wannan hukunci, Kotun Ƙoli kuma ta goyi bayanta. Abin da aka tsayar shi ne, wanda ya kai maganar da ya san ƙarya ce, ya kuma shirya mata shaida, shi ne mai ƙarar na ainihi, ko da ɗan sanda ne ya tsaya a gaban alkali.

Wannan hukunci ya shafi masu sarauta fiye da sauran jama'a, domin maganar hakimi tana da nauyi. In talaka ya ce wa kurtu ya kama wane, kurtu yana iya ƙi. In takarda ta zo da hatimin hakimi tana cewa a kama wane a tsare shi sai an ji daga gare ni, lauyan mai neman diyya ba zai sha wahala ba wajen nuna cewa ɗan sandan bai yi aiki da nasa hankali ba, umurni ya bi. Sa'an nan sai a haɗa hakimi da ɗan sanda cikin ƙara guda. Haka kuma ikon hakimi ko dagaci na kama mai laifi da hannunsa irin na kowane ɗan ƙasa ne. In an yi laifi a gabansa, ko yana da zato mai tushe a kan babban laifi, yana iya kamawa, amma tilas ya miƙa mutumin ga 'yan sanda ba da jinkiri ba. Kulle mutum a ɗaki a gidan sarauta har gari ya waye domin ya yi laushi, tsarewa ce ba bisa ƙa'ida ba, kome girman rawani.

IN AN ƊAUKAKA ƘARA

Ɗaukaka ƙara tana shiga wannan al'amari ta ƙofa biyu. Ta farko a cikin shari'ar laifin kanta. Mutumin da majistare ya ɗaure ba shi da ikon ya yi ƙarar ƙeta muddin hukuncin yana tsaye, gama shari'ar ba ta ƙare da nasararsa ba. In ya ɗaukaka ƙara babbar kotu ta soke hukuncin, ƙofa ta buɗe masa. Don haka kada wanda ya shirya wa wani sharri ya saki jiki don ya ga an ɗaure shi.

Ta biyu a cikin shari'ar diyya. Ita a Babbar Kotu akan fara ta, ta jiha ko ta Tarayya in ta hanyar kare hakkin ɗan Adam aka bi, daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga nan sai Kotun Ƙoli. Wanda hukuncin ƙarshe bai yi masa daɗi ba, ko mai ƙara ne ko 'yan sanda, yana da wata uku ya ɗaukaka. In ya wuce sai ya roƙi ƙarin lokaci da dalili mai ƙarfi.

Abin da ya kamata malamai su lura da shi musamman shi ne, kotun ɗaukaka ƙara ba ta sake kiran shaidu. Alkalanta ba su ga fuskar kowa ba, takardu ne a gabansu, watau abin da alkalin farko ya rubuta da takardun da aka karɓa shaida. Saboda haka ba su cika taɓa abin da alkalin farko ya gaskata ba, tun da shi ne ya ga mai shaida yana magana, sai in hukuncinsa ya saɓa wa abin da ke rubuce ƙiri-ƙiri, ko ya yi kuskure a fassarar doka. In kotu biyu na ƙasa suka haɗu a kan abu guda, da ƙyar Kotun Ƙoli takan sāke shi. A irin wannan wuri littafin caji ofis da ya nuna sa'ar da aka shigo da mutum da sa'ar da aka fita da shi, da takardar beli, da takardar da malamin hakimi ya rubuta, sun fi rantsuwar mutum goma amfani. Ɗan sandan da ya yi kamu da dalili amma bai rubuta dalilin ba yakan rasa abin kare kansa.

Batun yawan kuɗi kuwa, kotun sama ba ta sāke shi don kawai da ita ce da ta ba da wani abu dabam. Sai in alkalin farko ya bi hanyar da ba daidai ba wajen lissafi, ko kuɗin ya yi yawa ainun, ko ya yi kaɗan ainun. Shari'ar Odogu da Antoni Janar na Tarayya ta nuna yadda abin yake. An kama mutumin a 1980 bisa zargin fashi, bai sami kansa ba sai a 1988. Babbar Kotu ta yarda an zalunce shi, amma ta ba shi naira 2,000. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mai da shi naira 75,000. Kotun Ƙoli a 1996 ta ga wannan ma bai kai ba, ta ba shi naira 200,000. Mai karatu ya lura da shekarun. Daga kamu zuwa hukuncin ƙarshe shekara 16 ke nan, a tsakani kuwa darajar naira ta zube ƙwarai.

Shari'ar Jim-Jaja da Kwamishinan 'Yan Sanda na Jihar Ribas ta fi kusa da abin da ake gani a gundumomi, gama asalinta bashi ne. Mai bin bashi ya kai ƙara wurin 'yan sanda, aka kama mutumin aka tsare. Babbar Kotu ta kori ƙararsa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce lalle an keta masa hakki, amma ta ƙi ba shi ko anini. Kotun Ƙoli a ƙarshen 2012 ta ce wannan kuskure ne, gama da zarar an tabbatar da kamu ba bisa doka ba, diyya ta wajaba bisa Tsarin Mulki ko ba a ambaci adadi ba. Ta ba shi naira miliyan 2.

WA'ADI DA KARƁAR KUƊI

Akwai wata tsohuwar doka ta kare ma'aikatan gwamnati, tun ta 1916, wadda ta ce wanda zai yi ƙarar ma'aikaci a kan abin da ya yi a bakin aikinsa ya yi cikin wata uku. Lauyoyin 'yan sanda sukan fake da ita, ta kuwa kashe ƙararraki da dama tun ba a saurari shaida ba. Amma kotuna sun ce ba ta kare wanda ya yi da mugun nufi ko ya fita daga iyakar ikonsa. Ƙa'idodin neman hakkin ɗan Adam na 2009 kuma sun ce ƙarar da aka shigar ta hanyarsu wa'adi ba ya kashe ta. Duk da haka wanda aka zalunta gara ya yi hanzari. In ba shi da halin ɗaukar lauya, akwai Hukumar Ba da Taimakon Shari'a da aka kafa a 1976, da Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Ƙasa da aka kafa a 1995, hakimi kuwa yana iya nuna masa hanya.

Samun hukunci dabam, karɓar kuɗi dabam. Ɗaukaka ƙara ita kaɗai ba ta tsayar da biya, sai an roƙi kotu ta ba da umurnin dakatarwa. Amma kuɗin da ke hannun ma'aikacin gwamnati akwai sashen doka da ya ce a nemi yardar Antoni Janar kafin a taɓa shi, an kuwa daɗe ana jayayya a kan sashen nan a kotuna. Wanda ba ma'aikaci ba ne ba shi da wannan katanga. Don haka in an haɗa mai rahoto da 'yan sanda cikin hukunci guda, wanda ya yi nasara yakan fara da mai rahoton, tun da gidansa da gonarsa da ajiyarsa ta banki suna kusa.

In hakimi ya ga ya wajaba a sanar da 'yan sanda wani abu, abin da ya dace malami ya rubuta shi ne sunan wanda ya kawo kukan, da ranar da ya zo, da abin da ya faɗa da bakinsa, da abin da dagaci ko mai unguwa ya gani da idonsa, a bambanta shi da abin da ya ji an ce. Kada a rubuta a kama, kada a rubuta a tsare, kada a ce a hana beli, sai dai a ce ana roƙon a bincika. In maganar bashi ce ko iyakar gona ba tare da faɗa ko ɓarna ba, a gwada sulhu, in ya ƙi a tura su kotun da ta dace. Malami kuma ya ajiye kwafin takardar a fayil, ya shigar da lambarta da kwanan wata a littafin wasiƙun gunduma.